Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Otal Mai Tsada da Mai Rahusa a Bakin Tekun Zanzibar

Duk wanda ya taɓa shirya hutu a bakin teku ya san inda shirin yakan tsaya cak. An tsai da ƙasar da za a je, an tsai da wata, an duba kuɗin jirgi, sai magidanci ya wayi gari da otal biyu a cikin wayarsa, yana buɗe wannan yana rufe wancan. Hotunan duka biyun suna nuna farin rairayi da shuɗin ruwa da itatuwan kwakwa, amma kuɗin ɗayan ya ninka na ɗayan sau biyu ko ma fiye. Uwargida ta fi son mai tsadar saboda yara, shi kuma yana lissafin abin da zai rage a aljihu bayan an dawo. Na ɗauki tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya a matsayin misali domin yana cikin wuraren da mutanenmu suka fi sha'awar zuwa, kasancewar kusan dukkan mazaunansa Musulmi ne, kuma domin a can bambancin otal da otal ya wuce maganar kyan ɗaki. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kuɗin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton otal ba shi ne kuɗin da za a kashe ba, kuma ba a iya cewa wannan ya fi wancan sai an san abin da iyalin za su yi da kwanakinsu.

Mataki na farko: a duba tekun da ke gaban kowane otal

Mutane da yawa suna fara kwatanta gado da banɗaki, alhali abin da ya kai su can shi ne teku, kuma tekun Zanzibar ba iri ɗaya ba ne a kowane gefe. Babban tsibirin, wanda ake kira Unguja, yana da gaɓar gabas inda garuruwa irin su Paje da Jambiani da Bwejuu da Kiwengwa da Matemwe suke, sannan akwai ƙuryar arewa inda Nungwi da Kendwa suke. A gaɓar gabas ruwa ba shi da zurfi har zuwa inda duwatsun murjani suka yi shinge, saboda haka idan teku ya janye yakan yi nisa ƙwarai, ya bar fili fetal na jiƙaƙƙen rairayi da ƙananan kududdufai. Teku yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu a cikin kwana guda, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, sannan janyewar ta fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa. A Kendwa da yammacin Nungwi kuwa gaɓar tana da gangare, don haka ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci na yini.

Na ga wannan da idona a Jambiani. Mun sauka da dare, muna jin ƙarar raƙuman ruwa a bayan taga, da gari ya waye bayan karin kumallo muka fito da yara sun yi shirin wanka, sai muka tarar teku ya tafi. Abin da ke wurin sai mata sanye da zannuwa masu launi, sun sunkuya a tsakanin turakun da suka kafa, suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi, wadda suke kira mwani, suna nomanta domin sayarwa. Kallon yana da kyau, har na daɗe ina tsaye, amma yaran sun jira sa'o'i kafin ruwa ya dawo, kuma otal ɗin ba shi da wurin ninƙaya. Tun daga ranar na fahimci cewa a gaɓar gabas wurin ninƙaya na cikin otal ba ado ba ne, shi ne abin da zai riƙe yara rabin yini. Idan otal mai rahusar yana gabas kuma ba shi da shi, mai tsadar kuma yana da shi, to wani ɓangare na bambancin kuɗin ya sami hujja. Idan kuwa mai rahusar yana Kendwa, inda teku da kansa yake a shirye daga safe har yamma, wannan hujjar ta faɗi.

Saboda haka a buɗe Google Maps, a sa shi a yanayin hoton tauraron ɗan adam, a nemo kowane otal a ga inda yake zaune. Akwai bambanci mai girma tsakanin otal ɗin da ƙofarsa ke buɗewa kan rairayi da wanda sai an tsallaka titi an bi lungu na minti goma, ko da yake duka biyun za su rubuta sunan gaɓa ɗaya a tallarsu. A lura kuma cewa a wasu sassan Nungwi an gina otal a kan dutsen murjani, kuma idan teku ya cika rairayin da ke ƙasa yakan nutse gaba ɗaya har sai ruwa ya koma. Sannan a nemi jadawalin cika da janyewar teku na kwanakin da za a yi, wanda ake samu kyauta a intanet, a ga ko cikar za ta faɗo da hantsi da la'asar ko kuwa da tsakar dare da tsakar rana mai zafi. Wanda yake son ganin faɗuwar rana a kan ruwa ya san cewa arewa maso yamma ce wurinsa, gabas kuwa fitowar rana take bayarwa, abin da ya dace da mai tashi sallar asuba.

Mataki na biyu: a mayar da farashin biyu zuwa ma'auni ɗaya

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. A shafukan kama ɗaki irin su Booking.com za a ga wasu haruffa ko bayani a gefen farashi. BB na nufin kwana da karin kumallo kawai. HB na nufin an ƙara abinci ɗaya, galibi na dare. FB na nufin abinci uku. Sai kuma tsarin da ake cewa komai na ciki, wanda ya haɗa abinci uku da abin sha da ɗan abin taɓawa tsakanin abinci. Otal mai rahusa galibi BB yake sayarwa, manyan otal na bakin teku kuwa sun fi sayar da HB ko tsarin komai na ciki. Kwatanta farashin BB da na komai na ciki kai tsaye daidai yake da kwatanta kuɗin buhun shinkafa da kuɗin dafaffen abinci na mako guda.

A ɗauki takarda da alƙalami a yi lissafi. Ga misali da alƙaluman da na ƙaddara kawai domin nuna hanya, kowa sai ya sa na gaskiya da ya gani. Mu ce miji da mata da ƙaramin yaro za su yi kwana 6. Otal na farko dala 90 ne a kowane dare da karin kumallo, jimla dala 540. Na biyu dala 240 ne da komai a ciki har da ɗaukowa daga filin jirgi da mayarwa, jimla dala 1,440. A ido, tazarar dala 900 ce, kuma mafi yawan mutane a nan suke yanke hukunci. To amma a otal na farko sai an sayi abincin rana da na dare. Idan aka ƙaddara dala 50 a rana, an sami dala 300. Ruwan sha na roba da shayi da 'ya'yan itace, a ce dala 10 a rana, dala 60 ke nan. Motar zuwa da dawowa daga filin jirgi, a ce dala 90. Tasi na fita cin abinci da dare ko zuwa gaɓar da ake iya wanka, a ce dala 60 a dukkan kwanakin. Jimla ta tashi dala 1,050. A otal na biyu ma sai an ƙara wani abu, domin ranar da aka fita yawon buɗe ido za a ci abinci a waje alhali an riga an biya na otal, a ce dala 60, jimla dala 1,500. Tazarar ta sauko daga 900 zuwa 450, wato dala 75 a kowane dare. Tambayar da ta rage yanzu ita ce, mene ne dala 75 take saya wa wannan iyali a kowace rana, kuma suna bukatarsa?

Akwai kuɗaɗen da ba sa fitowa a farashin farko, kuma dole a tambaya a kansu. Gwamnatin Zanzibar tana karɓar harajin kwana a kan kowane baƙo a kowane dare, wanda otal ke karɓa a madadinta, kuma adadinsa ya fi yawa a manyan otal, sau da yawa ana biyansa ne a teburin karɓar baƙi ba a shafin intanet ba. Wasu otal suna ƙara wani kaso idan an biya da kati. Manyan otal da yawa suna ɗora ƙarin kuɗi a kwanakin Kirsimeti da sabuwar shekara, har da liyafar dare da ake biya ko an halarta ko ba a halarta ba. Maganar yara ma tana iya juya lissafin gaba ɗaya, domin wani otal yana barin ƙaramin yaro ya kwana kyauta a ɗakin iyayensa, wani yana cajin rabin kuɗi, wani kuma ba ya barin fiye da mutum uku a ɗaki, sai an kama na biyu. Iyali mai yara uku da suka tasa zai iya tarar da cewa ɗaki biyu a otal mai rahusa sun kusa kamo kuɗin babban ɗakin iyali guda a mai tsada. Akwai ma otal ɗin da ba sa karɓar yara sam, kuma ana rubuta hakan da ƙananan haruffa.

Kuɗin da bai shafi zaɓin otal ba, kamar tikitin jirgi da biza da inshorar dole da Zanzibar ta fara karɓa daga baƙi tun ranar 1 ga Oktoba, 2024 a kan dala 44 ga babban mutum, a rubuta shi a gefe guda. Amfaninsa shi ne ya nuna girman tazarar a cikin kuɗin tafiyar baki ɗaya. Wanda ya taso daga Kano ko Abuja ya bi ta Addis Ababa ya riga ya kashe kuɗi mai nauyi kafin ya taka tsibirin, kuma idan dala 450 ƙaramin kaso ce a cikin jimlar, bai kamata a ɓata tafiyar saboda ita ba. Idan kuwa sai an ci bashi kafin a cike ta, magana ta ƙare, a ɗauki mai rahusa da zuciya ɗaya.

Mataki na uku: a ware abin da za a yi amfani da shi daga abin da za a biya kawai

A nan ne nake ganin mutanenmu suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Farashin tsarin komai na ciki an gina shi ne a kan baƙon da zai sha barasa tun daga hantsi har dare, kuma kuɗin wannan barasar yana cikin abin da kowa yake biya. Iyalin da ba sa sha suna biyan abin da ba za su taɓa ba. Saboda haka idan otal mai tsadar yana da zaɓin HB ko FB, a tambayi farashinsa, domin sau da yawa shi ne ya fi dacewa da mu, sai a sayi lemo da ruwa daban. Haka nan ɗakin motsa jiki da filin wasanni da kaɗe-kaɗen dare da wurin tausa, duk suna cikin abin da ya ɗaga farashi. Mutum ya tambayi kansa da gaskiya ko zai shiga ko ɗaya daga cikinsu.

Tsarin kwanakin ma yana da muhimmanci. Akwai masu zuwa Zanzibar domin su zaga: rana guda a tsohon birnin Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, a bi lungunansa a ga ƙofofin katako masu sassaƙa, a shiga kasuwar Darajani, da magariba a ci gasasshen kifi a dandalin Forodhani. Wata rana a gonakin kanumfari da kirfa, wata a dajin Jozani wajen jajayen birai, wata a cikin kwalekwale zuwa tsibirin Changuu mai manyan kunkuru ko kewayen tsibirin Mnemba. Wanda kwanakinsa suke haka, otal a wurinsa wurin wanka da barci ne, kuma biyan kuɗin abinci uku da ba zai zauna ya ci ba ɓarna ce. Akwai kuma wanda gajiyar aiki ta kawo shi, ko amarya da ango, ko mai tafe da tsohuwar mahaifiya ko jariri, waɗanda za su wuni a harabar otal. A wurinsu otal ɗin shi ne hutun, kuma duk abin da aka rage a kuɗinsa an rage shi ne a jikin hutun kansa.

Sai abin da tsada take saya da gaske, wanda hotuna ba sa nunawa. Na farko shi ne sirri. Rairayin bakin teku a Zanzibar na kowa ne, kuma a wuraren da baƙi suka yi yawa masu talla da masu neman kai mutum yawo suna bin duk wanda ya fito. Babban otal yana da sashen kujerunsa mai inuwa da masu gadi, inda mace za ta zauna da 'ya'yanta ba wanda ya dame ta, ta bar jakarta ta shiga ruwa. Baƙon ƙaramin otal da ke bayan titi ba shi da inda zai ajiye waya da mabuɗi idan ya zo wanka. Ga iyalin da matansu ba sa son wanka a bainar jama'a, ɗakin da ke da ɗan ƙaramin wurin ninƙaya nasa a cikin katanga yana iya zama dalili ɗaya tak da ya isa a biya ƙarin kuɗin, domin in ba shi ba uwargida za ta yi kwana shida tana kallon ruwa daga nesa. Na biyu shi ne wutar lantarki da ruwa. Wuta tana ɗaukewa a tsibirin, kuma ba kowane ƙaramin otal ne yake da janaretan da zai iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ba. Zafin bakin teku mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Arewa ba, musamman daga Disamba zuwa Maris, kuma fanka kaɗai ba lallai ta wadatar da wanda bai saba ba. Ruwan famfo a wasu wuraren gaɓa yana da ɗanɗanon gishiri saboda rijiyoyin suna kusa da teku.

Ƙaramin otal ma yana da abin da babba ba zai bayar ba, kuma bai kamata a raina shi ba. Sau da yawa yana cikin gari, kusa da masallaci, ana jin kiran salla, ana iya takawa zuwa Juma'a, ana cin abincin mutanen gari irin su shinkafar pilau da kifi da miyar kwakwa a farashi mai sauƙi. Mai shi yakan san baƙinsa da suna, ya haɗa su da direban da ya yarda da shi. Manyan otal da yawa, musamman a gefen Kiwengwa da Matemwe, suna keɓe ne daga gari, kuma duk abin da ake so a wajen katangarsu sai an hau mota.

Mataki na huɗu: a karanta abin da baƙin baya suka rubuta, sannan a yi tambaya

Kama ɗaki daga nesa cinikin biri a sama ne, kuma abin da ke rage haɗarinsa shi ne shaidar waɗanda suka riga suka kwana. Yawan taurarin da aka liƙa wa otal ba abin dogaro ba ne, domin ma'aunin ba ɗaya ba ne daga ƙasa zuwa ƙasa ko daga shafi zuwa shafi. Abin da ya fi amfani shi ne a shiga Tripadvisor ko Google ko shafin da za a kama ɗakin, a jera ra'ayoyin daga sabo zuwa tsoho, a karanta na watanni shida da suka wuce, domin otal yakan sauya hannu ko ya lalace cikin ɗan lokaci. A nemi masu ƙorafi a karanta su a tsanake. Ƙorafin mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci warin danshi a ɗaki, ko rashin ruwan zafi, ko kiɗa har ƙarfe uku na dare, to haka abin yake. Maganar kiɗa tana da muhimmanci a Kendwa da Nungwi da Paje, inda ake casun dare, kuma a Kendwa an san da babban casun da ake yi a lokacin cikar wata. A fi ba da ƙarfi ga hotunan da baƙi suka ɗauka da wayoyinsu, musamman na banɗaki da gidan sauro, sama da waɗanda otal ya ɗauka.

A yi wa otal mai tsadar binciken da ya fi tsanani. Idan mai rahusa ya gaza, an yi asarar kaɗan, kuma an san araha ba ta ado. Idan mai tsada ya gaza, an yi asara biyu.

Daga nan sai a rubuta wa kowannensu saƙo ɗaya, ta imel ko WhatsApp, da tambayoyi iri ɗaya. A tambayi jimlar kuɗin da za a biya har da haraji ga adadin mutanen da shekarun yaran. A tambaya ko ana dafa naman alade a kicin ɗinsu, da yadda ake raba shi da sauran abinci, da ko ana sa giya a miya ko kayan zaƙi, domin kasancewar tsibirin na Musulmi bai hana wasu manyan otal masu karɓar Turawa yin hakan ba. A tambaya ko ana barin mata su shiga wurin ninƙaya da doguwar rigar wanka mai rufe jiki. A tambayi nisan masallaci, da ko janareta yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, da ko ana wani gini a harabar ko maƙwabta a kwanakin. Idan tafiyar ta faɗo cikin Ramadan, a tambayi yadda za a yi da sahur da buɗa-baki, a kuma tuna cewa gidajen abinci na cikin gari da yawa suna rufewa da rana, abin da zai shafi yara da marasa azumi a ƙaramin otal. Yadda aka amsa saƙon shi kansa shaida ne. Wanda ya amsa kowace tambaya dalla-dalla cikin kwana guda ya nuna irin kulawar da za a samu, wanda kuma ya turo jerin farashi kawai ya tsallake sauran ya nuna tasa.

Mataki na biyar: a gwada sauya lokaci ko raba kwanaki

Kafin a yanke hukunci, a gwada sauya ranakun a shafin a ga yadda farashin biyu ke motsi. Zanzibar tana da babbar damina da ake kira masika daga Maris zuwa Mayu, da ƙaramar damina da ake kira vuli a wajejen Nuwamba. Baƙi sun fi yawa daga Yuli zuwa Satumba da kuma ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, kuma a lokacin ne farashi yake kai ƙololuwa. A Afrilu da Mayu manyan otal suna karya farashi sosai, wasu ma suna rufewa domin gyara, amma ruwan sama yana iya tsare mutum a ɗaki kwana da kwanaki, don haka ba na ba mai zuwa karon farko shawarar wannan lokacin. Farkon Yuni da watan Oktoba sun fi dacewa da mai neman sauƙi, kuma a irin waɗannan makonni otal mai tsadar yakan sauko kusa da abin da aljihu zai iya ɗauka.

Hanyar da ni na fi so, kuma nake ba mafi yawan iyalai shawara, ita ce a raba kwanakin. A fara da mai rahusa, a yi kwana uku ana yawon da aka zo yi, ana fita da safe ana dawowa da dare, sannan a koma mai tsadar a yi kwana uku na ƙarshe ba a zuwa ko'ina, a ci moriyar duk abin da aka biya. A misalinmu na sama wannan zai rage tazarar kusan da rabi, ko da an ƙara kuɗin motar sauya wuri. Tsarin yana da muhimmanci: daga ƙarami a koma babba, domin wanda ya fara da babban ɗaki mai kallon teku zai ga aibin ƙaramin fiye da yadda yake. Abin lura kawai shi ne ranar sauyawa tana cin rabin yini, tunda ana barin ɗaki da hantsi kuma ba a ba da sabo sai bayan azahar, ga kuma tafiyar da za ta iya kai sa'a ɗaya da rabi, gwargwadon abin da ake yi daga Stone Town zuwa Nungwi. Ga tafiyar da ba ta wuce kwana huɗu ba, rabawar ba ta da riba.

Mataki na ƙarshe: biyan kuɗi

Kowane otal yakan nuna farashi biyu ga ɗaki ɗaya, mai sauƙi wanda ba a mayar da kuɗinsa idan an fasa, da mai ɗan tsada wanda ake iya sokewa kyauta har zuwa wata rana. Ga mai fasfon Najeriya na biyun ne ya dace, domin ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun yana gida ya jira amincewar hukumar shige da fice, kuma jiran yana iya ɗaukar makonni. Biyan dala 1,440 da ba a mayarwa kafin biza ta fito kasada ce da ba ta da dalili, kuma haɗarin ya fi girma a otal mai tsada saboda yawan abin da za a rasa. A rubuta ranar ƙarshe ta sokewa a inda za a gani, a tuna kuma cewa agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a biyu. A tuntuɓi banki a tabbatar katin zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai iya biya, tun kafin ranar da otal zai cire kuɗinsa. Idan ƙaramin otal ya nemi kafin alƙalami kai tsaye, a tabbatar asusun yana ɗauke da sunan otal ɗin, kuma lambar da ake magana da ita ita ce wadda ke shafinsu na ainihi, kada a tura kuɗi ga wanda ya bayyana kansa a Instagram ko Facebook a matsayin wakili.

Bayan an biya, a nemi takardar tabbaci da ta ambaci irin ɗakin, da tsarin abincin, da adadin mutane, da abin da aka biya da abin da ya rage, da duk alkawarin da aka yi a saƙo, kamar gadon yaro ko ɗaukowa daga filin jirgin sama na Abeid Amani Karume. A buga ta a takarda, a haɗa ta da fasfo da takardar inshora da katin allurar shawara, domin ana neman katin daga masu tasowa daga ƙasashenmu. Kwana biyu kafin tashi a sake tura wa otal lambar jirgi da lokacin sauka, a rubuta lokacin da lambobi a fili tare da ambaton safe ko dare, saboda masu magana da Swahili suna fara ƙirgen sa'o'insu ne daga fitowar rana, ƙarfe 7 na safe shi ne sa'a ta ɗaya a wurinsu, kuma direban da aka gaya wa lokaci da baki yana iya zuwa da tazarar sa'a shida.